Kwana Goma Ba Magana: Yadda Koyarwar Buda Ta Shiga Kurkukun Tihar

A cikin watan Afrilu na shekarar 1994, fursunoni fiye da 1,000 suka taru a ƙarƙashin wata ƙatuwar rumfa a kurkukun Tihar da ke Delhi, babban birnin Indiya, suka harɗe ƙafafu, suka rufe ido. A cikinsu akwai waɗanda ake tuhuma da kisan kai, da 'yan fashi, da masu fataucin miyagun ƙwayoyi. Har kwana tara ba mai ce wa ɗan'uwansa uffan. Aikin farko da aka ba su kuwa shi ne kowa ya tsai da hankalinsa a kan numfashinsa.

Tun daren farko hadari ya taso da iska mai ƙarfi, rumfar ta rufta, shimfiɗu suka jiƙe sharkaf. Aka yi zaton magana ta ƙare ke nan. Sai ga fursunoni da ganduroba sun haɗa hannu sun sake ta da rumfar, aka koma aka zauna.

Shi dai Tihar yana cikin gidajen yari mafi girma a Asiya. A lokacin nan mutanen da ke cikinsa sun fi ninki biyu na abin da aka gina shi domin ya ɗauka, kuma yawancinsu 'yan jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba. Wanda ya san halin da 'yan jiran shari'a ke ciki a gidajen yarin Nijeriya ba sai an yi masa dogon bayani ba. A shekarar 1993 aka naɗa Uwargida Kiran Bedi, mace ta farko da ta shiga sahun manyan jami'an 'yan sandan Indiya, ta zama Sufeto-Janar ta gidajen yarin Delhi. Ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, ta sa akwatin karɓar koke-koke, ta hana shan taba. Amma zafin zuciya bai jin doka. Wani ƙaramin jami'inta ne ya ba ta labarin wani irin zaman natsuwa da ake kira Vipassana, wanda shi kansa ya yi ya ga amfaninsa.

Asalin abin daga Gotama ne, wanda ake kira Buda, ɗan sarautar da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, shekara wajen 2,500 da suka wuce. Ma'anar Vipassana a harshen Pali ita ce ganin abu kamar yadda yake. A ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, wani ma'aikacin gwamnati mai suna U Ba Khin, Akanta-Janar na farko bayan samun mulkin kai, ya riƙa koya wa ma'aikatan ofishinsa wannan zama, sa'an nan ya buɗe cibiya a Rangun a 1952.

Wurinsa ne wani ɗan kasuwa Ba'indiye, S. N. Goenka, haifaffen Mandalay, ya je neman sauƙin wani mugun ciwon kai da likitoci suka kasa, har ta kai ana yi masa allurar mofin. U Ba Khin ya ce masa in don ciwon kai kawai ya zo, to, ya koma asibiti. Wannan aikin gyaran zuciya ne. Goenka ya yarda, ya zauna kwana goma na farko a 1955, ya yi shekara 14 yana almajirci. A 1969 ya koma Indiya ya fara koyarwa. Shi ne ya ja ragamar zaman nan na Tihar da kansa.

Tsarin bai canza ba, ko a kurkuku ko a waje. Ana tashi da ƙarfe 4 na asuba, a kwanta bayan ƙarfe 9 na dare, a tsakani kuwa mutum zai yi wajen awa 10 a zaune. Ba karatu, ba rubutu, a zamanin yau har wayar hannu sai an karɓe. Kowa zai ɗauki alkawari biyar muddin yana wurin: ba kisan kowane abu mai rai, ba sata, ba jima'i, ba ƙarya, ba kayan maye. Ba a biyan ko kwabo. Waɗanda suka riga suka yi su ne ke ba da gudummawar abinci da masauki.

Kwana uku na farko numfashi kawai ake bi, yadda iska ke shiga hanci tana fita. Mai karatu zai ce ai wannan da sauƙi. To, ya gwada na minti biyu ya gani: kafin ya ankara hankalinsa ya tafi wurin kuɗin haya, ko bashin da yake bi, ko wata baƙar magana da aka gaya masa bara. Ba a ce ya yi faɗa da tunanin ba. An ce in ya farga, ya komo da hankalin a kan numfashi, ko sau dubu ne.

A rana ta huɗu sai a shiga ainihin aikin. Mutum zai riƙa bin jikinsa da hankali, daga tsakar ka har yatsun ƙafa, yana lura da duk abin da ya ji: zafi, sanyi, ƙaiƙayi, tsami a gwiwa. Ba zai sosa ba, ba zai gyara zama ba in zai iya, ba zai yi marmarin mai daɗin ya daɗe ba. Kallo kawai zai yi, har ya gane da kansa cewa kowane ɗaya yakan taso ne ya wuce.

A nan hikimar take. Bisa ga wannan koyarwa, in aka zagi mutum, ba zagin ne ke ɗaga hannunsa kai tsaye ba. Da farko numfashinsa zai canza, ƙirji ya ɗau zafi, wuya ya ɗaure. Wannan abin da ya ji a jiki shi ne ba ya iya jurewa, sai ya nemi fitar da shi da mari ko wuƙa. Tsakanin zafin ƙirjin da ɗaga hannun akwai ɗan lokaci, ƙiftawar ido ne, yawancin mutane ba su ma san da shi ba. Wanda ya yi kwanaki yana kallon ƙaiƙayi bai sosa ba, ana sa ran zai iya kallon fushi bai kai duka ba. Ga mutumin da fushin minti ɗaya ya ja masa shekara 20, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A rana ta goma ake sakin baki, a koya wa kowa yi wa dukan halitta fatan alheri, har da wanda ya cuce shi.

Da aka gama zaman Afrilu, aka buɗe cibiya ta dindindin a cikin kurkukun. A 1997 wasu mata biyu 'yan Isra'ila suka fito da fim a kan lamarin, inda aka ga fursunoni suna rungumar ganduroba suna kuka. Sai dai kuka a ranar rufe zama daban, halin mutum bayan shekara biyar daban. Wani bincike da Jami'ar Washington ta buga a 2006 a kan fursunonin wani gidan yari a Seattle ta Amurka ya nuna waɗanda suka yi zaman sun rage shan giya da ƙwayoyi bayan an sake su, amma bai nuna wani bambanci a wajen sake aikata laifi ba. Kuma da ma su suka zaɓi shiga da kansu, watau mai yiwuwa ne tun farko su ne masu niyyar gyaruwa. Zaman ma ba na kowa ba ne: akwai waɗanda kwana goma na shiru yakan tayar musu da tsohon ciwon zuciya, shi ya sa ake tambayar lafiyar ƙwaƙwalwar mutum kafin a karɓe shi.

Akwai kuma maganar addini. Har ya rasu a 2013 Goenka yana nanata cewa ba ya neman kowa ya bar addininsa, numfashi ba na wata ƙabila ko wani addini ba ne. A rumfar Tihar kuwa 'yan Hindu da Musulmi da Sik da Kirista suka zauna sahu ɗaya. Masu suka suna cewa ai ana sa karatun Pali safe da yamma, kuma bayanin da ake yi na Buda ne tsantsa. A kurkukun Donaldson da ke jihar Alabama ta Amurka an fara zaman a 2002, aka dakatar da shi saboda ƙorafin cewa ana mai da fursunoni mabiya Buda, sai a 2006 aka yarda ya ci gaba.

Ita kuwa Kiran Bedi, wadda ta sami lambar yabo ta Magsaysay a 1994, an ɗauke ta daga Tihar a 1995. An ƙara gine-gine tun daga lokacin, amma har yanzu mutanen da ke tsare a gidajen yarin Delhi sun kusa ninka adadin da aka tanada, kuma mafi yawansu suna jiran ranar da za a kira sunansu a kotu.