Yadda Sojan Ƙasa Ya Rayu a Yaƙin Bama

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dubban samari daga ƙasar Hausa sun shiga rundunar Najeriya ta Turawan mulki. Wasu son ransu ne ya kai su, wasu neman albashi, wasu kuma hakimai ne suka miƙa sunansu. Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Ingila sai da suka koye ta. A 1943 aka haɗa Runduna ta 81 daga sojojin Najeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai Bama don fuskantar Japanawa.

An tura su kwarin Kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai duwatsu da kurmin gora. Da adda da diga suka sare hanya mai tsawon fiye da kilomita 100. Abinci da harsashi kuwa daga sama suke zuwa. Sai a share fili a kurmi, a ba jirgi alama, ya sako buhuna da laima. Daga nan aiki ya koma kan 'yan dako, sojojin da ke ɗaukar akwatunan harsashi da manyan bindigogi a ka, su hau tudu su gangara cikin taɓo. Shi ya sa tambarin Runduna ta 82, wadda ta biyo baya a 1944, ya ƙunshi mashi biyu da gammo.

Sojan ƙasa ya fi fama da cuta bisa harsashi. Zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da mutane da yawa, kuma kowa sai ya haɗiye ƙwayar maganin zazzaɓi kullum a gaban saje. In damina ta sauka, tufafi ba sa bushewa, matsattsaku na manne wa ƙafa, takalmi na ruɓewa. Wanda ya ji rauni abokansa ne ke ɗaukarsa a kafaɗa har inda ƙaramin jirgi zai iya sauka. Duk da wannan wahala, albashinsu bai kai na sojan Bature ba.

A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka ƙwace garin Myohaung, sunan da wani bariki a Legas yake ɗauke da shi har yau. Idan a gidanku akwai kakan da ya je Bama, ku tambayi dattawa labarinsa ku rubuta, domin mazan jiyan nan sun kusa ƙarewa.