Aikin biyan yini a asibitocin Amurka: abin da sabuwar nas za ta auna

Budurwa ta gama karatun jinya a Amurka, ta ci jarrabawar NCLEX, lasisi ya zo hannu. Sai wani asibiti ya yi mata tayin aikin da suke kira "per diem", kalmar Latin mai nufin kowace rana da ladanta. Kuɗin awa ɗaya ya fi na abokan karatunta da aka ɗauka aikin dindindin. Wa zai ga laifinta idan ranta ya biya?

Sai dai ƙarin nan ba kyauta ba ne. Asibiti yana ajiye irin waɗannan ma'aikata ne don toshe giɓi: wata ta tafi haihuwa, wani ya kwanta ciwo, ko mura ta cika gadaje lokacin sanyi. Yawanci ba a yi musu alkawarin awa ko ɗaya. Ranar da majinyata suka ragu, waɗannan ma'aikata ake fara kira da asuba a ce su yi zamansu a gida. Galibi kuma babu inshorar lafiya, babu hutu mai albashi, babu gudummawar asibiti a asusun ritaya. Likitocinmu masu aikin lokum, wato na wucin gadi, a asibitocin kuɗi na Kano da Kaduna sun san ɗanɗanon wannan zama.

A Amurka kusan komai a yawan awoyi ya rataya. Dokar inshorar lafiya ta 2010, ta zamanin Obama, ta ɗora wa manyan ma'aikatu samar da inshora ga mai aikin awa 30 a mako. Nas tana yin awa 12 a zama ɗaya, don haka kwana biyu a mako awa 24 ke nan, ba ta kai ba. Dokar 1993 da ke ba da hutun haihuwa ko jinya na mako 12 ba tare da albashi ba tana bukatar shekara guda a wurin aiki da awa 1,250. Shirin yafe bashin karatu na 2007 ga masu aiki da gwamnati ko asibitocin da ba na riba ba, shi ma cikakken aiki yake nema, da biya sau 120. Bashin kuwa ba ya jira: wata shida bayan kammala karatu ake fara biya. Wadda ba ta kai shekara 26 ba tana iya zama ƙarƙashin inshorar iyayenta, kuma wannan kaɗai yakan sauya lissafin.

Ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. An ƙirƙiri aikin biyan yini ne don gogaggu, waɗanda za a jefa su ɗakin masu ciwon zuciya yau, gobe ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, su kama aiki ba tare da an nuna musu inda ake ajiye allura ba. Masaniyar aikin jinya Patricia Benner, a littafinta na 1984, ta bayyana cewa nas takan yi shekara biyu zuwa uku a irin aiki ɗaya kafin hannunta ya faɗa. Makaranta tana koyar da sunan magani da adadinsa. Gane cewa numfashin tsohon nan ya sauya tun kafin na'ura ta yi ƙara, wannan a gefen wata babba ake koyonsa, dare bayan dare. Shi ya sa Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka, a rahotonta na 2010 kan makomar aikin jinya, ta ba da shawarar a riƙa yi wa sababbi horo na musamman a farkon aikinsu. Mai zuwa sau uku a wata, kowane zuwa a ɗaki dabam, wa zai riƙe hannunta? Idan aka yi kuskure, majinyaci ne zai sha wuya, lasisin da ta yi shekaru tana nema kuma shi ne zai shiga haɗari.

Ban ce a ƙi tayin ba. Wadda ke da cikakken aiki a wani wuri, ko take renon jariri, ko take neman ƙofar shiga asibitin da ke wuyar ɗauka, tana iya amfana. Amma kafin ta sa hannu, ta nemi a rubuta mata mako nawa za a yi ana nuna mata aiki, da sunan wadda za ta bi. Ta ji ƙa'idar soke aiki, da ranakun hutun da dole ta zo. Ta kuma tabbatar a matsayin ma'aikaciya aka ɗauke ta, ba 'yar kwangila ba, domin 'yar kwangila ita kaɗai ke biyan harajin tsufa da lafiya na kashi 15.3 cikin ɗari, wanda ma'aikaciya rabinsa kawai ake cire mata.