Alhaji Zainul Abidin Na Baku: Maginin Da Ya Haƙa Rijiyar Mai, Da Abin Da Ya Yi Saura Daga Dukiyarsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɓoye arziki a ƙarƙashin ƙasa, yake kuma fitar da shi ga wanda ya so a lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, a wannan mako ina so in kawo wa masu karatu labarin wani attajiri Musulmi wanda galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa a zamaninsa yana cikin manyan masu kuɗin daular Rasha baki ɗaya. Sunansa Alhaji Zainul Abidin Tagiyef, wato Zainul Abidin ɗan Taƙi, mutumin birnin Baku da ke bakin Tekun Kasfiyan, a ƙasar da ake kira Azarbaijan a yau. Da man fetur ya yi arziki, kuma da ransa da hankalinsa aka karɓe arzikin nan duka daga hannunsa.

Ƙasar Baku sananniya ce ga mai tun zamanin da. Malam Mas'udi, masanin tarihin nan da ya rasu a 956, ya ambaci naftun Baku a littafinsa Murujuz Zahab. Mutane kan haƙa rijiya da hannu, su kwarfo man da guga, su ɗura a salka, su ɗora a keken dabbobi zuwa kasuwa. Da Rasha ta kame birnin a 1806, sai gwamnati ta riƙa ba mutum guda kwangilar rijiyoyin na 'yan shekaru, shi kuwa tun da ya san wa'adinsa gajere ne, ba ya zuba jari, kwasa kawai yake yi. A 1872 aka soke wannan tsari, aka yanka filayen aka yi gwanjonsu ga duk mai iya saye. Wannan doka ita ce ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa masu zaman kansu, har irin su Zainul Abidin suka sami shiga.

Shi dai ɗan talakawa ne. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin takalma a cikin tsohon birni, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana yaro. Bai yi makaranta ba, har ya mutu bai iya karatu da rubutu sosai ba. Tun yana ƙarami aka kai shi wurin magina yana ɗaukar ƙasa da dutse, ya koyi sassaƙar dutse, ya zama magini, daga nan ya zama ɗan kwangilar gine-gine, ya kuma taɓa cinikin yadi. Da guminsa ya tara ɗan jarin da ya shiga harkar mai da shi.

A 1873 shi da waɗansu abokan ciniki biyu 'yan'uwan juna suka sami fili a Bibi Haibat, kudu da Baku, suka kafa injin haƙa. Aka yi ta haƙa, kuɗi na tafiya, mai bai fito ba. Da abin ya yi tsawo, abokan nan suka gaji, suka sayar masa da rabonsu suka tafi. Shi kuwa ya tsaya, yana biyan leburori daga aljihunsa. Kafin shekarun 1870 su ƙare mai ya ɓarke daga rijiyarsa, maginin jiya ya wayi gari attajiri. A 1886 ma wata rijiyarsa ta yi ambaliyar da labarinta ya kai har Turai, man yana tashi sama kamar rimi, iska tana watsa shi a kan gidajen birni.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya, domin akan ba da irin wannan labari ana cewa mahaƙurci mawadaci, a rufe magana. Gaskiya ne ya yi haƙuri, amma fa a filayen Baku akwai mutane da yawa da suka yi haƙuri irin nasa suka ƙare da ramuka marasa komai, tarihi bai riƙe sunayensu ba. Abokansa da suka janye su ma ba su yi wauta ba, gwargwadon abin da idonsu ya gani suka yi hukunci. Abin da ke hannun Zainul Abidin shi ne, da kuɗin kansa ya shiga kasadar, kuma yana da sana'ar da zai koma wa idan rijiya ta ƙi. Sauran kuwa rabo ne daga Allah.

Gwanintarsa ta kasuwanci ta bayyana ne bayan fitar man. A lokacin babu mota, kananzir na fitila shi ne abin nema, dagwalon da ya rage bayan tacewa kuma jiragen ruwa da na ƙasa suke ƙonawa. Mai rijiya kaɗai kullum a hannun mai matata da mai jirgi yake, domin idan mai ya yi ambaliya farashi yakan faɗi warwas, kuma ba shi da wurin ajiya. Saboda haka ya gina matatarsa, ya sayi jiragen dakon mai a Tekun Kasfiyan, don ya kai hajarsa kasuwannin Rasha ta Kogin Bolga ba tare da wani ya yanke masa farashi ba. Abokan takararsa kuwa ba ƙanana ba ne. Akwai 'yan gidan Nobel mutanen Suwidin, waɗanda suka shimfiɗa bututun mai na farko a Baku a 1878, suka kafa kamfaninsu a 1879. Akwai kuma gidan Rothschild na Faransa, waɗanda suka shigo da kuɗin banki a lokacin da aka gama hanyar jirgin ƙasa daga Baku zuwa Batum a 1883. Zuwa 1901 kimanin rabin man da ake haƙowa a duniya daga Baku yake fitowa.

A 1897, kasuwa tana kan ganiyarta, ya sayar wa Turawan Ingila harkarsa ta mai a kan rubul miliyan 5. Ya juya kuɗin zuwa babbar masaƙa a gefen birni, da kamun kifi a bakin teku da Kogin Kura, da jiragen ruwa, da gidaje. A ganina lissafinsa a fili yake. Rijiyar mai kamar tulu take, kowane guga da aka ɗiba raguwa ce, kuma mutum guda ba zai daɗe yana ja da kamfanonin da bankunan Turai ke tsaye a bayansu ba. Tufa da abinci kuwa buƙatarsu ba ta yankewa. A masaƙar ya gina wa ma'aikata gidaje da masallaci da makaranta da wurin shan magani.

Ɗalibi zai tambaya, shin mene ne hakkin Allah a cikin irin wannan dukiya? Malamai sun saɓa. Mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne, sha'anin ma'adinai yana hannun shugaba, shi ne yake ba wanda ya ga dama izinin haƙa don maslahar jama'a, zakkar ma'adini kuwa a zinariya da azurfa take. Hanafiyya suna karɓar humusi a ƙarafan da ake narkarwa, ba su wajabta komai a kan abu mai ruwa kamar naftu ba. Hanbaliyya kuwa sun wajabta rubu'in ushuri a kowane ma'adini mai daraja, har naftu da kwalta. Amma fa wannan saɓani bai zama mafaka ga mai gidan mai ko mai tankar dako ba, domin kuɗin da ya taru a hannunsa da hajar da ya saya don sayarwa dukiyar ciniki ce, idan ta kai nisabi shekara ta zagayo, biyu da rabi cikin ɗari ne babu makawa.

Babban aikin da ake tuna Zainul Abidin da shi shi ne makarantar 'yan mata. A lokacin 'ya'yan Musulmin Baku mata ba su zuwa makarantar zamani, kuma da ya bayyana niyyarsa sai ya gamu da turjiya ta fuska biyu. Hukumar Rasha ta ja ƙafa wajen ba da izini, har sai da ya sa wa makarantar sunan Aleksandara matar Sarkin Rasha. Waɗansu malaman gari kuma suka ce bidi'a ce. Bai yi musu gardama da kuɗinsa ba. An ruwaito cewa manzo ya aika zuwa manyan cibiyoyin ilmi, har da Makka da Madina da Karbala da Alƙahira, domin galibin Musulmin Baku mabiya Shi'a ne akwai kuma Ahlus Sunna, aka komo masa da fatawoyi a rubuce cewa neman ilmi ya hau kan mace kamar yadda ya hau kan namiji. Aka buɗe makarantar a 1901 da 'yan mata 58, yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da ya ɗauki nauyinsu. Dubi yadda wanda bai iya karatu ba ya san cewa maganar malami da hujjar malami ake warware ta.

Har wa yau shi ne ya biya kuɗin buga tafsirin Alƙalin Baku, Mir Muhammad Karim, mai suna Kashful Haƙa'iƙ, juzu'i uku cikin harshen mutanen ƙasar, tsakanin 1904 da 1906. Ya mallaki jaridar Kaspi, ya kuma aika samari da yawa jami'o'in Rasha da Turai. Sa'an nan Baku birni ne mai mai amma babu ruwan sha mai kyau, annobar kwalara ta yi ɓarna a cikinsa a 1892. Ya ba da kuɗinsa aka yi binciken idanun ruwa, ya tsaya a majalisar birni a kan shawarar injiniya William Lindley ta jawo ruwa daga Shollar, tafiyar fiye da kilomita 170. A 1917 ruwan ya iso birni.

Kada a ɗauka waliyyi nake siffantawa. Attajiri ne mai ƙarfin iko, mai neman yardar sarakunan Rasha yana karɓar lambobinsu, kuma a 1911 har an zarge shi da sa hannu a dukan wani injiniya da ke masa aiki, magana ta kai kotu. Leburorin filayen mai na Baku kuwa, a ƙarƙashin masu rijiyoyi gaba ɗaya, cikin ƙazanta da ƙaramin lada suke, shi ya sa 'yan gurguzu suka sami masu saurarensu a can.

A ranar 28 ga Afrilu 1920 mulkin 'yan gurguzu ya kafu a Baku. Aka ƙwace masaƙa da jirage da gidaje, har gidan da yake kwana. Shugaban sabuwar gwamnatin, Dokta Nariman Narimanof, yana cikin ɗaliban da Zainul Abidin ya biya wa kuɗin karatun likita a Odesa. Aka bar tsohon ya koma gidan gonarsa a ƙauyen Mardakan, a can ya rasu ranar 1 ga Satumba 1924. Bisa wasiyyarsa aka binne shi a wajen ƙafafun malaminsa Akhund Abu Turab, wanda ake cewa ya taɓa yi masa gargaɗi, yana tsakiyar daula, cewa duk wannan dukiya tana iya gushewa a rana guda.

To, yau me ya rage? Gidansa ya zama Gidan Tarihin Ƙasar Azarbaijan. Ginin makarantar 'yan mata shi ne ma'ajiyar tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu. Ruwan Shollar kuwa har yanzu ana shan sa a Baku, bayan fiye da shekara 100. Abin da ya riƙe duka an karɓe, abin da ya riga ya bayar ne babu hukumar da ta sami hanyar ƙwacewa, kuma shi ne muke fatan ya zama masa sadaka mai gudana.

Saboda haka ya kai ɗan'uwa mai jari, idan kana da niyyar rijiya ko aji ko ɗakin magani, ka yi shi yanzu da hannunka tun hatimin yana aljihunka, kada ka bar wa magada da wasiyya. Kai kuma ma'aikacin gwamnati da takardar irin wannan aiki za ta biyo ta teburinka, ka tuna shekarun da 'yan matan Baku suka yi suna jiran sa hannun wani jami'i. Allah ya jiƙan Musulmin da suka riga mu, ya sa abin da ya ba mu ya zama hujja gare mu ranar hisabi. Amin.