Waƙar Bagauda a Bakin Wani

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ran kasuwar Kwanar Ɗangora na tarad da wani makaho da nake ƙaunar muryarsa, shi da 'yan amshinsa, sun ɗauko Waƙar Bagauda, wadda na fara ji a bakin kakata a Bebeji. Ba shi ya tsara ta ba, kuma ba laifi: tun da can mawaƙi ke karɓa daga mawaƙi, yana ƙara sarakunan zamaninsa, kafin Bature Hiskett ya buga ta a Landan cikin 1964.

Makahon nan ya jero sarakunan Kano tiryan-tiryan, kuɗi na ta zuba. Amma da ya iso wa'azin mutuwa, wanda shi ne gishirinta, sai ya tsallake! Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, nan ne masu kyauta ke watsewa."