Wanda Bai Faɗi Ba Ma Yana Biya: Gaskiya da Ƙarya a Kan Naushi da Ƙwaƙwalwa

Ƙasar Arewa ta Nijar ƙasar kokowa ce. Daga Gecheme zuwa Tibiri da Dogon Dutsi, yaro yana haddace sunan ɗan kokowa Issaka Issaka tun kafin ya ji na wani ɗan dambe. Amma wayar hannu ta kawo damben Turawa har cikin fadar samari, ƴan cin-rani kuma suna dawowa daga Kabi da Sakkwato da Kano da labarin gidajen damben gargajiya. Da su ne wasu maganganu suka shigo, ana faɗarsu da tabbaci ana kurɓar shayi: wane kansa dutse ne, wane an dafa shi, wane in ya kai hannu sai an ɗauko makara. Wasu na da ƙamshin gaskiya. Wasu kuwa ƙarya ce mai iya kai saurayi kabari.

Cewa ƙato ya fi naushi, rabin gaskiya ce. Nauyi yana ƙara wa naushi ƙarfi, shi ya sa aka raba damben zamani aji-aji. Issaka Dabore, wanda ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a wasannin Olamfik na birnin Munik a 1972, ajin kilo 63 da rabi ya yi, ba wanda ya haɗa shi da ƙattin da suka haura kilo 90. Sai dai girma kaɗai ba ya kisa. A Disambar 2018 Deontay Wilder ya kara da Tyson Fury, wanda ya fi shi da kusan kilo 20, amma sau biyu siririn yana kai ƙaton ƙasa. Naushi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu da kafaɗa, sauri da saiti su ƙarasa aikin. Ƴan damben gargajiya sun san haka ba tare da wani ya karanta musu ba. Dubi yadda suke ware ƙafa, su miƙa garkuwa gaba, su ajiye hannun da aka naɗe can baya.

Abin da ke kayar da mutum kuwa a cikin kai yake faruwa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar kindirmo a ƙwarya. In naushi ya sami haɓa, kai ya juya da sauri, sai ta girgiza, siraran jijiyoyinta su miƙe fiye da kima, ƙafa ta saki. Shi ya sa naushin da ba a ga zuwansa ba ya fi kisa: wuya bai shirya ba.

Babbar ƙaryar, wadda ta fi kowace karɓuwa, ita ce wai wanda ake duka bai faɗi ba, shi dukan bai yi wa komai ba, har ma kai yana sabawa da duka. Hannu yana yin kanta, wuya yana kauri da motsa jiki, kuma wuya mai ƙarfi yana rage juyawar kai. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta yin kanta. Kowane bugu da ta sha yana nan a rubuce. Jerry Quarry, Baturen Amurka da ya kara da Muhammad Ali sau biyu, da Joe Frazier sau biyu, an san shi da jure duka. Daga baya ya kasa kula da kansa, sai ƴan'uwa ke ciyar da shi suna sa masa tufafi. Ya rasu a 1999 yana da shekara 53. A ganina jarumin da ake tafa wa don ya ƙi faɗuwa shi ya fi kowa shiga haɗari, domin wanda aka kayar a turmin farko ya tafi gida da naushi ɗaya, shi kuwa ya tsaya ya karɓi na turmi uku.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana tsofaffin ƴan dambe masu tangaɗi kamar mashaya, harshe ya yi nauyi, hannu na rawa. A 1973 likitoci a Ingila suka bincika ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan dambe 15 bayan mutuwarsu, suka ga ɓarnar da idonsu. Yau ana kiran cutar CTE, kuma har yanzu sai bayan mutuwa ake tabbatar da ita. Takan ɓoye shekaru bayan an ajiye dambe, sannan ta fito da mantuwa, saurin fushi, baƙin ciki marar dalili, da tafiya da jan ƙafa. A garuruwanmu irin wannan mutum sai a ce sammu aka yi masa, ko iska ta taɓa shi, a yi ta yawon neman magani, ba wanda ya tuna shekarun da ya yi a fage.

To, duk ɗan dambe ne ke ƙarewa haka? A'a, wannan ma ƙari ne. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 1969 ya duba tsofaffin ƴan dambe 224, ya sami alamun lalacewar ƙwaƙwalwa ga kashi 17 cikin ɗari, kuma abin ya fi yawa ga waɗanda suka daɗe suna yi, suka tara karawa. George Foreman ya sake zama zakaran duniya a 1994 yana da shekara 45, ya ci gaba da kasuwanci da wa'azi, ya rasu a 2025. Amma a tuna ya huta shekara goma, daga 1977 zuwa 1987.

Na Muhammad Ali ya fi wuyar yankewa. Mutane na cewa dukan da ya jingina da igiya ya sha a hannun Foreman a Kinshasa a 1974, da na Frazier a Manila a 1975, su suka sa masa rawar jiki. An gano yana da cutar Parkinson a 1984. A 2022 likitocin da suka daɗe suna duba shi suka rubuta cewa alamunsa sun fi kama da ainihin cutar, wadda ke kama ko wanda bai taɓa shiga fage ba. Su ɗin kuma ba su wanke dambe ba, don bugun kai yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita.

Safar hannu hannu take karewa. Ita ce ma ke ba mutum damar dukan kai da dukkan ƙarfinsa ba tare da ya karya yatsu ba. Hular kariya tana rage tsagewar fata, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza, har aka cire wa maza ita a Olamfik na 2016. Laya da guru da tsagar hannu suna ƙara wa mai su ƙarfin zuciya, wannan ba a musu, amma jinin da ya zuba cikin ƙoƙon kai ba ya tambayar abin da ke ɗaure a damtse. Tramol ya fi su sharri: yana ɓoye zafin da zai gaya wa mutum ya tsaya, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Kuma ba sai naushin ƙato ke kashewa ba. Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu ajin kilo 61 yake, ya mutu ƴan kwanaki bayan karawarsa da Ray Mancini a 1982, abin da ya sa aka fara rage karawar kambu daga turmi 15 zuwa 12.

Damben gargajiya yana da sauƙi ta fuska ɗaya, tunda turmi uku ne, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an gama. Inda yake da illa shi ne rashin hutu. A damben zamani wanda aka sumar akan dakatar da shi wata guda ko fiye. A namu sai a kwara masa ruwa, makaɗi ya zuga shi, jibi a gan shi ya sake naɗe hannu, alhali bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi muni nesa ba kusa ba.

Iyaye da iyayen gida, ga abin lura, ko dambe ne, ko kayen kokowa, ko faɗuwa daga kabu-kabu. Mutum na iya tashi ya yi magana, ya ci tuwo, alhali jini na taruwa a kansa. In ciwon kai na ƙaruwa, ko yana amai, ko barci na rinjayarsa ana tashinsa da ƙyar, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ko ɓari guda na jiki ya saki, ko jini ko ruwa na fita ta kunne, kada a ba shi asfirin, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. A nemi mota a kai shi asibiti a daren, in ma'aikatan lafiya suka ce a wuce Dosso ko Yamai, a wuce.