Kemis Ko Asibitin Gwamnati: Wa Zai Riƙe Lafiyar Doguwa?

A ƙauyukan Doguwa, daga Riruwai har Burji, in zazzaɓi ya rufe yaro cikin dare, ƙofar mai kemis ake bugawa. Yana kusa, ya san maigida, yakan ma ba da magani bashi sai an cire masara. Masu cewa a bar wa kasuwa harkar lafiya suna da abin kafa hujja, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita.

Sai dai zaɓi yana amfanar wanda ya san abin da yake saya ne. Manomi yana gane iri mai kyau da ido, amma ba ya gane jabun maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma in kuɗinsa bai kai ba, rabin kati za a yanko masa a ƙulle a leda. Macen da naƙuda ta yi wa gardama ba ta da lokacin taya farashi. Motar da za ta ratsa dajin Falgore da ita ake nema, don ɗan kasuwa ba ya ajiye jini da ɗakin tiyata inda babu riba. Mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano a 2023 kuwa ya fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kuma sakacin gida ɗaya yakan shafi unguwa.

Za a ce ai gwamnatin ma ta gaza, kuma akwai gaskiya a ciki. Asusun magani mai juyawa na Shirin Bamako na 1987 ya durƙushe a wurare da dama saboda kuɗin ba sa komawa. Amma wannan dalili ne na rage wa gwamnati kaya ta riƙe abin da ita kaɗai za ta iya: rigakafi, haihuwa, jini da ingancin magani. Mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 irin wannan aikin ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. A biya wa talakan Doguwa ta wannan hanya, ya zaɓi asibitin da ya gamsu da shi, mai kemis kuma a koya masa gwajin jini da sanin lokacin tura majiyyaci gaba.