Noman salati ba ƙasa: wane taki za mu saya?

Shuka salati da tumatir cikin ruwa, ba tare da ƙasa ba, hanya ce ta samun abin sayarwa da rani. Amma mu yi hattara wajen taki. NPK 15-15-15 da muke sayarwa a kasuwa don gona aka yi shi: ba ya narkewa duka, kuma ba shi da isasshen kalsiyam da sinadarin ƙarfe da shuka ke samu a ƙasa.

Mu nemi taki mai kashi biyu, A da B. Kada mu haɗa su da kaurinsu, dunƙulewa suke yi. Mu zuba kowanne daban cikin ruwa, awon pH ya tsaya tsakanin 5,5 da 6,5. In ba haka ba, ganye ya yi ɗorawa, jari ya salwanta.